Yehudi Menuhin da gogen Turawa: amsar tambayoyin da ake yawan yi min

Duk sanda hira ta gangaro kan kiɗan Turawa irin na iyaye da kakanninsu a majalisarmu, ni ake juyowa a kalla, don an san ni da son gogen nan nasu da ake ce wa bayolin, kuma sunan da ba ya barin bakina shi ne Yehudi Menuhin. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, wasu na neman sani wasu kuma na ƙure, shi ya sa na tara su wuri guda na amsa.

Wai shi wannan Menuhin ɗin waye?

Makaɗin bayolin ne, yana cikin manya-manyan da aka yi a ƙarni na 20. An haife shi a New York ta Amurka ranar 22 ga Afrilu 1916, iyayensa Yahudawa ne da asalinsu daga ƙasashen da ke ƙarƙashin daular Rasha ta da, amma a San Francisco ya tashi. Ya mutu a Balin ta Jamus ranar 12 ga Maris 1999 yana da shekara 82, kuma aiki ne ma ya kai shi can, wato har ƙarshe bai ajiye sana'a ba. Sama da shekara 70 yana hawa dandamali. Kamfanin faifai na EMI kaɗai ya fara ɗaukar kiɗansa a 1929 kuma suna tare har 1999.

Shi bayolin ɗin ba goge ba ne kawai aka yi wa fenti?

Dangi ne, wannan kam ba musu. Gogenmu ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, tsirkiya ɗaya ta izgar doki, ana goga ta da wata izgar da aka shafa wa ƙaro. Shi bayolin katako ne zalla, tsirkiyarsa huɗu, ana maƙale shi tsakanin haɓa da kafaɗar hagu, amma bakan da ake goga shi da shi izgar doki ce ita ma kuma ƙaro ake shafa mata, in ka matsa kusa da wanda ya daɗe yana kaɗawa za ka ga farar ƙura ta ƙaron ta sauka a kan katakon. Kuma dukkansu biyun babu wata alama a wuyansu da za ta nuna maka inda za ka ɗora yatsa, ba kamar jita ba, kunnenka ne kawai jagoranka, in ka goce ko da kaurin zare ne sai sauti ya karkace kowa ya ji.

Inda suka rabu shi ne tsarin aikin. Mai goge yana ƙirƙira ne a take, yana kallon jama'a yana bin yanayin wuri. Shi kuwa irin su Menuhin kiɗan a rubuce yake, wani ne ya tsara shi wataƙila shekara 200 da suka wuce, sai ka haddace shi tas, wani ya kai minti 40 ko 50, ka fito gaban ƙungiyar makaɗa mutum 60 ko 80 da ake kira okestra, kai kaɗai a tsaye kana jan gaba suna amsa maka. Irin wannan kiɗan shi ake ce wa konsheto. Babu lasifika, babu komai, ɗan katakon nan ne zai cika zaure mai ɗaukar mutum dubu biyu ko fi.

Da gaske ne yana ɗan shekara 7 ya fara fitowa gaban jama'a?

Da gaske ne. Tun yana ɗan mitsitsi iyayensa suke zuwa da shi kallon okestra ta San Francisco, a nan ya ƙyalla ido ya ga shugaban masu bayolin na ƙungiyar, Louis Persinger, ya ce shi fa irin wannan abin yake so kuma wannan mutumin ne zai koya masa. Wani ya kawo masa bayolin na wasan yara na ƙarfe, ya goga ya ji ba ya fitar da murya, ya yi jifa da shi yana kuka. Daga baya aka samo masa na gaske, kuma Persinger ɗin ya zama malaminsa.

Yana shekara 7 ya yi kiɗa tare da wannan okestra. Amma abin da ya girgiza duniya shi ne na Nuwamba 1927 a zauren Carnegie Hall na New York, yana shekara 11, inda ya kafe shi konsheton Beethoven zai kaɗa, jagoran makaɗan Fritz Busch da farko bai yarda ba don a ganinsa wannan kiɗan manya ne, sai da ya saurari yaron tukuna ya sauko. Ka dubi hotunansa na lokacin, ɗan lukuti ne da gajeren wando. A Afrilu 1929 kuma a Balin ya kaɗa konsheto uku a dare ɗaya, na Bach da na Beethoven da na Brahms, ƙarƙashin jagorancin Bruno Walter, saura 'yan kwanaki ya cika 13. A 1932 yana 16 ya ɗauki faifan konsheton Edward Elgar a Landan, shi Elgar ɗin da kansa, dattijo ɗan shekara 75, shi ya ja okestra. Wannan faifan har yau ana sayar da shi.

To ɗan masu kuɗi ne kenan?

A'a. Babansa Moshe malamin koyar da harshen Ibrananci ne. Masu hannu da shuni ne suka ɗauki nauyi, wani lauya a San Francisco mai suna Sidney Ehrman shi ya biya aka tafi da gidan gaba ɗaya Turai don yaron ya ci gaba da karatu, sannan Henry Goldman, na gidan bankin nan Goldman Sachs, ya saya masa bayolin ƙirar Stradivari, shahararren maƙerin bayolin ɗan Italiya. A gida aka karantar da shi da ƙannensa mata biyu, Hephzibah da Yaltah, waɗanda su ma suka zama gwanayen fiyano. Mahaifiyarsu Marutha mace ce mai tsanani sosai, ta killace su, komai sai da saninta.

Na ji an ce daga baya hannunsa ya lalace, ya aka yi mai irin wannan baiwa ya samu matsala?

Yawwa, wannan ita ce tambayar da na fi so a yi min, don a nan labarin yake.

Lokacin da aka kai shi Turai yana wajen shekara 10 zuwa 11, an kai shi Brussels wurin Eugène Ysaÿe, wanda a zamanin shi ne kamar uban masu bayolin. Yaro ya kaɗa babban kiɗa mai wuya, dattijo ya yaba, sai ya ce masa to yanzu yi min hawa da saukar sauti, irin atisayen nan na tushe da kowane ɗalibi yake maimaitawa kullum safiya. Yaro ya daburce, yatsunsa suka dinga laluben wuri. Ysaÿe ya ba shi shawara ya koma ya riƙe wannan atisayen da kyau. Menuhin bai zauna wurinsa ba, ya tafi Faris wurin George Enescu ɗan Romaniya, wanda ya riƙa a matsayin babban malaminsa har ƙarshen rayuwa, ya kuma yi karatu wurin Adolf Busch a Basel ta Siwizalan. Enescu ya buɗe masa zuciya ya nuna masa ma'anar kiɗa, amma wancan giɓin na tushe yana nan ba a cike shi ba.

Abin da ya faru shi ne yana yaro komai zuwa masa yake yi haka nan, kunne ya ji hannu ya yi, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ya ake yi ba. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san irin yaron nan da ake biya masa sau ɗaya ya riƙe, malam yana alfahari da shi ana kai shi gaban baƙi, amma bai sha wuyar tilawa irin ta sauran ba, ran da ya girma harda ta fara kufce masa sai ya rasa igiyar da zai kama. To haka ta faru da Menuhin. A 1935 ya zaga duniya ya yi wasa sama da 100, ya koma Kalifoniya ya huta sama da shekara guda, sai yaƙin duniya na biyu ya zo ya yi ta aiki ba hutu, aurensa na farko ya mutu, kuma a shekarun bayan yaƙin aka fara jin hannunsa na dama, mai riƙe baka, ba ya zama daidai kullum. Wata rana ya yi kiɗan da ba wanda zai iya, wata rana kuma baka ya dinga ɗan rawa a kan tsirkiya a gaban dubban mutane.

Ka yi tunanin nauyin wannan a kan mutumin da tun yana 11 ake ce masa ba kamarsa. Da wani ne sai ya ɓuya ko ya ɗora laifin a kan wasu. Shi bai ɓoye ba, ya faɗa da bakinsa cewa yana yaro ya iya amma bai san yadda ya iya ba. Yana babban mutum mai suna ya koma ya warware komai daga farko, yadda ake tsayuwa, yadda kafaɗa za ta saki, yadda nauyin hannu yake sauka a kan baka, yadda ake numfashi. A 1952 ya je Indiya ya haɗu da malamin motsa jiki na yoga B.K.S. Iyengar, ya zama ɗalibinsa, har daga baya ya ba shi kyautar agogo da rubutu a jiki yana kiransa mafi kyawun malaminsa na bayolin, alhali mutumin ba makaɗi ba ne, jiki kawai ya koya masa ya saki. Matsalar ba ta tafi gaba ɗaya ba, gaskiya ɗaya ce, a faifansa na shekarun baya-baya akwai wuraren da za ka ji hannun yana gardama. Amma ni wallahi wasu daga cikinsu sun fi taɓa ni a kan na ƙuruciyar, don kana jin mutumin da ya san farashin kowane sauti da yake fitarwa. Da girma ya zo sai ya fi karkata ga jagorancin okestra da koyarwa.

Me ya yi lokacin yaƙin duniya na biyu?

Ya yi wa sojojin ƙawance da ƙungiyar agaji ta Red Cross wasa sama da 500, a sansanoni da asibitoci. A cikin yaƙin ne kuma ya nemi Béla Bartók, babban mai tsara kiɗa ɗan Hangari da ke gudun hijira a Amurka cikin ciwo da rashin kuɗi, ya ba shi aikin rubuta masa kiɗan bayolin shi kaɗai ba rakiya, ya fara kaɗa shi a New York a 1944, shekara ɗaya kafin Bartók ya mutu.

A Yuli 1945 shi da Benjamin Britten a kan fiyano suka je Bergen-Belsen suka yi wa waɗanda suka tsira daga sansanin 'yan Nazi kiɗa, watanni kaɗan bayan an 'yanta wurin. Sai kuma a 1947 ya koma Balin ya yi wasa da Wilhelm Furtwängler, jagoran makaɗan da ya zauna a Jamus kusan duk zamanin Hitler. Nan fa aka yi masa ca, 'yan'uwansa Yahudawa da yawa suka ce ya ci amana, kuma ba za ka ce ba su da hujjar jin zafi ba, gawarwakin danginsu ko sanyi ba su yi ba. Shi kuma ya tsaya a kan cewa dole wani ya fara miƙa hannu. Mutum zai iya saɓa masa a kan lokacin da ya zaɓa, amma ba don kuɗi ko suna ya yi ba, asara ma ya yi.

Tunda Bayahude ne, ina ya tsaya a kan maganar Falasɗinawa?

Wannan tambayar ba ta taɓa wuce ni a Kano, kuma tana da kyau. A 1991 aka ba shi lambar yabo ta Wolf a Isra'ila, ya tsaya a cikin majalisar dokokinsu ta Knesset, a gaban manyansu, ya soki yadda ake mulkar Falasɗinawa da tsoratarwa da tauye musu mutunci, ya ce mutanen da suka san ɗacin irin wannan rayuwar su ne bai kamata su yi wa wasu ba. Mahaifinsa Moshe ma sananne ne wajen adawa da aƙidar Sahyoniyanci, har rubutu ya yi a kai.

Ba a nan kaɗai ba. Da ya je Afirka ta Kudu a 1950 zamanin wariyar launin fata, bai tsaya a zaurukan fararen fata ba, ya je ya yi wa baƙaƙe kiɗa. A 1971 a Mosko, yana shugaban majalisar kiɗa ta duniya da ke ƙarƙashin UNESCO, ya ambaci sunan marubuci Solzhenitsyn a bainar jama'a lokacin da gwamnatin Sobiyet ba ta son a ji sunan.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya, gaskiya ne ya yi kiɗan Indiya?

Ƙwarai kuwa. A wancan zuwan na 1952 ya haɗu da Ravi Shankar mai kaɗa sitar, suka ƙulla abota har mutuwa. Faifansu West Meets East ya ci lambar Grammy, kuma a Disamba 1967 sun yi wasa tare a Majalisar Ɗinkin Duniya da Alla Rakha a kan gangar tabla. Nemi bidiyon ka kalli fuskar Menuhin, idonsa na kan Shankar yana jiran alama kamar ɗalibi a gaban malami, shi da sarakuna suke tashi su tafa masa. Kiɗan Indiya ba a rubuce yake irin nasu ba, da kunne ake ɗauka, dole ya sauke girman kai ya koya. A shekarun 1970 kuma ya yi faifai da Stéphane Grappelli, mai bayolin na jaz ɗan Faransa.

Wannan halin nasa shi ya sa nake jin ciwo in na ga yadda muke yi wa namu. A wurinmu da an ce mai goge sai tunani ya tafi bori ko gidan magajiya, alhali hannun irin su Garba Liyo a goge, ko Hassan Wayam da Ahmadu Doka a kukuma, gwaninta ce ta gaske da aka sha wuya kafin a same ta, a kan tsirkiya ɗaya tak. Mutumin da ya zauna ya koyi na Indiya da ladabi, na tabbata da ya ji waɗannan zama zai yi ya saurara.

Nawa ne kuɗin bayolin irin nasa?

Riƙe zuciyarka. Mafi tsada su ne waɗanda aka ƙera a garin Cremona na Italiya wajen shekara 300 da suka wuce, na Antonio Stradivari wanda ya mutu a 1737 da na Guarneri del Gesù wanda ya mutu a 1744. Menuhin ya riƙe Stradivari na 1714 da ake kira Soil, wanda daga baya ya koma hannun Itzhak Perlman, da Guarneri na 1742 da ake kira Lord Wilton, wanda aka sayar bayan mutuwarsa a kan dala miliyan 6. A 2011 an yi gwanjon wani Stradivari mai suna Lady Blunt a kan kusan dala miliyan 16. Shi ya sa yawancin matasan makaɗa na yanzu aro ake ba su, banki ko gidauniya ko wani attajiri ne mai shi. Bayolin na masu koyo kuwa ƙirar Chana ne yawanci, ba su da wannan tsadar ko kusa.

Ya rayuwar mai wannan sana'ar take, ba jin daɗi ne kawai da yawon duniya ba?

Daga nesa haka ne. Daga kusa kuwa awa huɗu ko biyar kullum kai kaɗai a ɗaki kana maimaita layi ɗaya, yawancinsu tun suna shekara 4 ko 5 suka fara. Dubi wuyan mai bayolin ta hagu ƙasan muƙamuƙi za ka ga tabo inda katako yake zama, kan yatsunsa na hagu sun yi kanta, ga ciwon kafaɗa da na baya. Yau kana wannan gari gobe wancan, otal zuwa filin jirgi, iyali suna can. Kuma cikin dubu da suka koya ƙalilan ne suke zama masu fitowa su kaɗai a gaba, sauran okestra suke shiga ko koyarwa, wanda shi ma abinci ne mai mutunci.

Me ya bari a bayansa?

Makarantarsa ce babba. A 1963 ya kafa makarantar kwana ta yara masu baiwar kiɗa a Ingila, tana Stoke d'Abernon a yankin Surrey, inda yaro zai haɗa karatun boko da kiɗa, ya samu tushe mai ƙwari kuma ya tashi cikin sa'o'insa, wato dai abubuwan da shi bai samu ba. Nigel Kennedy da Tasmin Little da Nicola Benedetti duk can suka yi. A harabar makarantar aka binne shi. Ya kafa bikin kiɗa na Gstaad a Siwizalan a 1957, da gasar matasan masu bayolin a 1983, da ƙungiyar Live Music Now a 1977 wadda take tura matasan makaɗa asibitoci da gidajen yari da gidajen tsofaffi. Ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1985, a 1993 aka ba shi kujera a majalisar dattawansu ta Lords.

Yaro ɗan Kano zai iya koyon wannan abin?

Me zai hana? Kunne muna da shi, yaron da yake bambance hawa da saukar murya a Hausa tun yana goye ba kunne zai rasa ba. Abin da ya yi ƙaranci malami ne. A Najeriya cibiyar da ta fi ƙarfi ita ce MUSON da ke Onikan a Legas, an kafa ƙungiyar a 1983 kuma suna da makarantar kiɗa. A nan gida ka fara tambaya ta wajen masu kiɗan coci a Sabon Gari, nan ne aka fi samun waɗanda suka iya karanta rubutun kiɗa. In ana ce maka wai abin na farar fata ne, ka nemi okestra mai suna Chineke! da Chi-chi Nwanoku ta kafa a Birtaniya a 2015, mahaifinta ɗan Najeriya ne, kuma yawancin makaɗan baƙaƙe ne da sauran waɗanda ba farare ba.

Shawarata ga iyaye, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, kar ku dogara da YouTube kaɗai a shekarar farko, riƙon baka da tsayuwa sai da wani a gefe yana gyara hannu, kuskuren da ya zauna a jiki yana da wuyar fita. A sayi ƙaramin bayolin daidai tsawon hannun yaro, akwai rabi akwai kwata. Sannan a kula da hunturu, iskar Kano tana busar da katako har ya tsage, a dinga ajiye shi cikin akwatinsa nesa da rana.

Da wanne zan fara in ina so in saurare shi?

Fara da na Shankar, don kunnenka ya riga ya saba da wannan ɗanɗanon. Daga nan ka nemi konsheton Mendelssohn ko na Bruch, suna da daɗin shiga kuma ba su wuce wajen rabin awa ba. Sai na Bach mai bayolin biyu da ya yi da malaminsa Enescu a 1932, musamman kashi na biyu mai tafiya a hankali. Na Elgar, da na Beethoven da ya yi tare da Furtwängler, ka bar su sai ka samu lokaci, don kowanne ya haura minti 40, kuma ka sa abin kunne mai kyau, sifikar waya tana cinye rabin sautin.